Kwanona daban, numfashinmu ɗaya

Akwai wani kwanon samira a gidanmu da ke Garkawa, cikin Tawa, mai ɗigon jan fenti a gindinsa. Tun 2013 ba wanda ya ƙara cin abinci a ciki, dusar kaji ake zubawa. Kwanona ne. Inna ce ta ɗiga masa fentin da hannunta ranar da ta ga jini a tsumman da nake tofa kaki, ta kuma ɗaura jan ƙyalle a mariƙin moɗata don kada wani ya yi kuskuren shan ruwa da ita. Ta yi haka ne don ta tsare gidan daga ciwon da ke ƙirjina, tarin fuka, amma gidan bai tsira ba. Har gobe ina ganin mutane suna yin abin da muka yi, da zuciya ɗaya kamar yadda muka yi shi, shi ya sa na ce bari in ba da labarin.

Ni tela ne, haifaffen 1984. Lekol ban wuce aji shida ba, Baba, Allah ya jiƙansa, ya kai ni koyon ɗinki bakin babbar kasuwa. Duk ɗan Adar ya san bida: da an ɗaure hatsi an sa rumbu sai samari su kama hanya, wasu Libiya, wasu Aljeriya, wasu Legas ko Kamaru. Mu a layinmu Abijan ake zuwa, don can yayyenmu suke. Na sauka can a 2006, na saɓa kan keken ɗinki a kafaɗa ina yawo unguwa-unguwa ina kaɗa almakashi, masu yagaggen wando suna kirana. Toklo-toklo suke ce mana. A zuwana gida na 2008 aka yi mini aure, ɗiyata ta fari kuma ta zo duniya a ƙarshen 2009 ina can.

Ɗakinmu a unguwar Abobo yake, cikin wani babban gidan haya, irin wanda suke ce wa antire-kushe, wato shiga ka kwanta. Mu tara ne, duk ƴan Adar. Taga ɗaya ce ƴar ƙarama mai kallon kwata, mun toshe ta da kwali saboda wari da sauro. Sai dai ba mu cika haɗuwa mu taran a ciki ba. Uku garba suke sayarwa, aceken nan na rogo da soyayyen kifi wanda ƴan Abijan suka laƙaba wa sunan mutanenmu, tun duhun asuba suke fita. Biyu suna tura amalanke a kasuwar Ajame. Akwai kuma wani dattijo daga wajen Keita da muke ce wa Baba, mai gadin wani kanti. Aikinsa na dare ne, yana shigowa muna fita. Shekara huɗu muna haɗa kuɗin haya da shi, amma daren da muka kwana tare ba su cika wata guda ba.

Mun san yana tari. Ranar Lahadi in mun makara mukan ji shi, tari mai zurfi kamar daga cikin rijiya. Yakan ce sanyin teku ne, ƙasar nan ba ta karɓi ɗan tudu ba. Yana da butarsa da kwanonsa shi kaɗai, ba don ciwo ba, don girma. Ba wanda ya taɓa sa hannu kwano ɗaya da shi.

Sai aka yi zaɓen shugaban ƙasa na 28 ga Nuwamba 2010, Gbagbo ya ce shi ya ci, Ouattara ya ce shi ya ci. Wanda ya zauna Abobo a Fabrairu da Maris na 2011 ba ya buƙatar a ba shi labari. Harbi dare da rana, shingaye bisa hanya ana tambayar takarda, baƙo irinmu in ya faɗa hannun wasu samari sai dai addu'a. Mutum wajen 3,000 rikicin ya ci. Aka wawashe kantin da Baba ke gadi, masu garba suka kife tukunya, kowa ya dawo ɗaki. Muka ja ƙofa muka sa sakata, muka ƙara buhu bisa kwalin taga don kada hasken fitila ya fita. Kusan mako shida, in ka cire satar fita neman ruwa da gari, muna cikin ɗakin nan kafaɗa da kafaɗa. Baba yana tari yana danne baki da rawani don kada a ji mu daga waje, mu kuma kunnenmu duk yana bayan ƙofa.

Bayan an kama Gbagbo ranar 11 ga Afrilu hanya ta ɗan buɗe. Na sayar da keken na haɗa kuɗin mota, na iso Tawa cikin zafin Mayu da leda ɗaya a hannu, lafiyata lau, ko atishawa ba na yi. Daga baya muka ji Baba mai gadi ya rasu a ƙauyensu kafin kaka. Muka yi masa addu'a, muka ce tsufa ne.

Daminar 2011 ba ta yi kyau ba, kowa a Nijar ya tuna. Gonarmu ta hanyar Kalfu ba ta ba da abin da zai kai mu wata uku ba, 2012 kuma ta zo da tsadar hatsi. Na ci bashi na sayi wani keken na kama ɗan shago, taku uku da taku biyu, ƙofar kwano ɗaya, ba taga. Na ɗauki yaro ɗan shekara 15, ɗan wata maƙwabciyarmu da mijinta ya rasu, yana koyon aiki. Sau da yawa furar safe ita ce ta rana, tuwon dare kuma in taɓa kaɗan in bar wa maiɗakina da ke da ciki da ɗiyata. Na rame, amma a wannan shekara wa bai rame ba?

Tarin ya fara ana saura kamar wata ɗaya Babbar Salla, wadda ta faɗo ƙarshen Oktoba. Tela kaɗai ya san abin da ake kira gab da salla. Kwana goma ni da yaron muna kwana a shago bisa tarin yadi, ƙofa a rufe ruf, don masu zuwa karɓar ɗinki su ɗauka ba ma nan. Yau in na tuna wannan dabara kunya biyu nake ji.

Na ce ƙurar yadi ce. Na sayi siro wajen masu yawo da magani a faranti, na sha citta da kanumfari, na sha maganin palu, wato zazzaɓin cizon sauro, har sau biyu saboda zazzaɓin da ke zuwa mini da la'asar. Da dare zufa ta jiƙa tabarma ko ana sanyi. Maiɗakina ta haihu a Nuwamba, namiji, ta tafi gidansu wankan jego. Da ta cika arba'in sai Inna ta aika cewa ta ƙara zama tukuna, don a lokacin an riga an ga jinin.

Kowa ya zo da fassararsa. Wata gwaggona ta ce gashin kyanwa na haɗiye a fura, aka kori kyanwar gidan, baiwar Allah. Wani ya ce jifa ne daga abokin sana'a, aka yi rubutu aka yi hayaƙi. Wadda ba a faɗa a gabana ba ita ta fi yawo: mutum ya dawo daga Abijan yana ramewa, ai an san abin da ke nan. Sida. Wannan magana ce ta hana ni zuwa likita wata uku. Ba rashin kuɗi ba ne kawai, tsoro nake a auna jinina a ce ita ce. A fadarmu ma, inda muke shan shayi gindin dogon yaro bayan la'asar, sai na ga an ware mini finjali. Ba wanda ya ce komai, mai dafawa dai yakan ajiye shi gefe bayan na sha. Mutum ɗaya ne, abokina tun na ƙuruciya, yakan ɗauki finjalin nan da gangan ya ce a zuba masa na biyu a ciki, yana kallon idon kowa.

A gida Inna ta kafa doka, kuma ba ta wasa da ita. Kwanona daban, cokalina daban, butata daban, da toka da ruwan zafi ake wanke su a can gefe. Sauran abincina ba ya shiga bakin kowa. In ɗiyata ta miƙo hannu wajen kwanon, Inna ta buge hannun. Sai ɗari ya shigo. Wanda ya yi Disamba da Janairu a Tawa ya san iskar nan mai saukowa daga hamada da ƙura, mai tsaga leɓe da diddige. A wajenmu kuwa mai tari ba a bari iska ta buge shi. Inna ta cusa tsummoki a ƴar tagar ɗakina, ta rataya bargo a ƙofa, ta kawo kaskon garwashi. Don kada wani abu ya same ni cikin dare ba kowa kusa, ta dawo da shimfiɗarta ɗakin, tare da jikanyarta da ba ta barci sai a jikinta. Da tsakar dare yarinyar takan mirgino ta cusa kanta a ƙirjina tana neman ɗumi. Nakan bar ta. Ai ba kwanona take ci ba.

A Fabrairun 2013 abokin nan nawa ya zo da babur ya ce, "Ko ka hau ko in ɗaure ka." A likita aka ɗora ni bisa sikeli: kilo 47, ni da na dawo daga Abijan da 63. Aka ba ni ƴan robobi biyu masu murfi, ɗaya in tofa kaki nan take, ɗaya in kawo na asuba. Mai aikin ya nuna mini bayan gini, fili cikin rana, ya ce can zan je in yi tarin. Raina ya ɓaci, na ɗauka ƙyamata yake yi. Da sakamako ya fito, majo, wato babban ma'aikacin jinya, wani dattijo mai furfura a gemu, ya ce an ga ƙwayar tarin fuka a madubi, jinin kuma ba sida. Wallahi murnar abin da ba a samu ba ta hana ni jin tsoron abin da aka samu.

Sai ya buɗe wani babban littafi ya ce, "Malam tela, su wa ke kwana ɗakin da kake kwana?"

Ban gane ba. Na ɗauka zai tambayi waɗanda muke ci tare. Ya ce in zo da su gobe, duka.

Inna ta shiga ofishin da ƙarfin gwiwarta, tun kafin ta zauna ta fara. "Ɗana, ni dai na yi iya yina. Kwanonshi daban, moɗarshi daban, ko sauran hurarshi ban bari kowa ya sha ba."

"Allah ya saka da alheri, Inna, kin yi ƙoƙari. Tagar ɗakin fa?"

"Na toshe ta sarai, ko iska ba ta shiga."

Ya ajiye biro. Ya ɗan jima yana kallon ɗiyata da ke lafe a cinyarta, sannan ya ce, "Inna, in kin sa turaren wuta a ɗaki kin ja ƙofa, kika tafi kasuwa kika dawo, kina tarar da ƙamshi?" Ta ce sosai ma. Ya ce in kuma tsakar gida ta sa shi fa? Ta ce ai ɓarnar turare ke nan, iska za ta kwashe. Ya ce to wannan ciwo haka yake tafiya. A huhu yake zaune. In mai shi ya yi tari ko atishawa, ko ma magana, ƙwayoyin suna fitowa cikin feshin da ido ba ya gani, ƙanana ƙwarai har ba su faɗuwa ƙasa, sai su yi ta shawagi a ɗaki awa da awanni, ko bayan mai tarin ya fita. Duk wanda ya shaƙa, sun sauka can ƙasan huhunsa, kuma nan ne kaɗai suke son isa. Abin da aka haɗiya daga kwano ciki yake tafiya, ba hanyarsu ba ce. Gaisawa ba ta kawo shi, tufafi ba su kawo shi. Rana tana kashe ƙwayar, iska tana watsa ta, shi ya sa aka tura ni bayan gini jiya. Wanda ba ya shan magani kuwa, a shekara guda yana iya shafa wa mutum goma ko fiye daga cikin masu zama kusa da shi.

Inna ba ta karɓar magana da sauƙi. Ta ce, "To ni mi ya sa ban kamu ba? Wata biyu ina kwana ɗakin." Ya ce mai yiwuwa ya shiga, jikinta ne ya kama shi ya ɗaure. Ya ce OMS, hukumar lafiya ta duniya, tana ƙiyasin kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya ƙwayar ta taɓa shigarsu (daga baya ta mai da shi ɗaya cikin huɗu), amma a cikin goma da ta shiga, wajen ɗaya ne zai kwanta ciwo a tsawon rayuwarsa. Sauran tana kwance a jikinsu, ba su tari, ba su shafa wa kowa. Tana jiran ranar da ƙarfin jiki zai faɗi ne: yunwa, ko sida, ko ciwon sukari, ko taba, ko tsufa. Ƙananan yara kuma garkuwarsu ba ta yi ƙwari ba, su ba ta cika jira ba.

Ina zaune a benci sai ɗakin Abobo ya dawo mini, da buhun da muka ƙara bisa taga, da rawanin Baba. Shekara ɗaya da rabi na yi ina yawo da abin a ƙirjina, na yi noma da shi, na yi salla sahu ɗaya da jama'a, bai motsa ba sai da na yi watanni ina kwana da rabin ciki.

Abu ɗaya majo ya yarje wa Inna: ɗanyen nonon saniya mai ciwo yana iya kawo wani ɗan'uwan wannan tari, don haka a riƙa tafasawa. A hanyar komawa gida ba ta ce uffan ba sai da muka kusa ƙofa. Can ta ce, kamar da kanta take magana, "Ashe jaki muka bari muna dukan taiki."

Ɗiyata tana da tabon allurar BCG a hannu, wadda aka yi mata tana jaririya. An gaya mana allurar tana tsare yara daga mafi munin ciwon, irin wanda ke hawa ƙwaƙwalwa, amma ba ta hana shi shiga gaba ɗaya. Da aka tambaye mu sai muka fara haɗa abubuwan da muka gani ba mu lura ba: ta daina wasa da yara, ta daina cin abinci sosai, jikinta yakan yi ɗumi da yamma, ga kaluluwa a wuya da Inna ke shafa wa man shanu. Yaro ɗan shekara uku ba ya iya fitar da kaki, sai aka yi mata hoton ƙirji. Ranar da aka ce ita ma za ta sha maganin wata shida na fita bayan ginin nan, inda aka tura ni tari, na yi kuka kamar ba namiji ba. Duk hannun da Inna ta buge mata a bakin kwano, a banza ta sha shi. Maiɗakina an auna ta ba a samu komai ba. Jaririn kuwa, da yake na ɗauke shi ranar suna kuma ana kawo mini shi gaisuwa, aka sa shi kan ƙwayar rigakafi mai suna isoniazid, shi ma wata shida.

Maganin kyauta ne, ko dala ban biya ba, in ban da kuɗin hoton yarinya. Ƙwaya uku kowace safiya kafin in ci komai, gwargwadon nauyina, kowace ɗaya da magani huɗu a haɗe. Wata biyun farko a gaban ma'aikaci nake haɗiyewa. Ranar farko fitsarina ya fito ja kamar zoɓo, na dawo a guje, suka yi dariya suka ce aikin rifampicin ne, sun manta su gaya mini. An ce in na yi mako biyu zuwa uku ina sha ba fashi, haɗarin da nake da shi ga mutane zai ragu ƙwarai. Kafin nan na ƙaura gindin dogon yaron tsakar gida da rana, da dare in kwana ni kaɗai, ƙofa a buɗe, bargo biyu. Na kira magini ya fasa bango ya fitar da taga ta biyu, daura da ta farko. An sake auna kakina a wata na biyu, da na biyar, da na shida. A Agustan 2013 aka rufe takardata. Ɗiyata ta gama bayana da kwana tara, yanzu ta fi uwarta tsawo. Abokina mai shan finjalina bai taɓa yin ko tarin mako guda ba, kuma ba ya gajiya da tuna wa ƴan fada.

Daga nan na zama mai wa'azin iska. Duk gidan da na shiga taga nake fara dubawa. Da korona ta shigo Nijar, aka sanar da mutum na farko ranar 19 ga Maris 2020, ni da kekena muka ɗinka takunkumi ba adadi, ina yi ina gaya wa masu saye abin da majo ya gaya wa Inna. Na fara ganin kamar na gama sanin yadda ciwo ke tafiya, har ina yi wa Inna dariyar kwanonta.

Kwalarar 2021 ce ta sauke mini girman kai. Ta kama sama da mutum 5,000 a ƙasar, ta kashe sama da 150, jiharmu ta Tawa tana cikin waɗanda ta fi taɓawa. Masu faɗakarwa suka shigo unguwa, na tsaya ina jiran su yi maganar taga, ba su ko ambace ta ba. Wannan daga bayan gidan mai zawo take fita, ta bi ruwan damina ta shiga rijiya ko randa, ko ta hau hannu ta shiga kwano. Suka ce a bar wanke hannu a tasa ɗaya, yadda muke yi wajen suna da walima, mutum ashirin a ruwa guda, na ƙarshe yana wanke nasa da dauɗar sha tara. A zuba da buta, a sa sabulu, a jefa ƙwayar Aquatabs mai tsarkake ruwa a ruwan sha, kada a tsoma moɗar kowa da kowa cikin randa. Inna tana zaune bisa tabarma tana jin su. Da suka fita ta dube ni ta ce, "To, malamin iska, ka ji? Kwano ma ƙofa ce." Ban da amsa. Dokarta mai kyau ce, ciwon ne ba nata ba.

Na bar maganar yaron shagona a ƙarshe don ita ta fi yi mini nauyi. Ranar da majo ya ce su wa ke kwana ɗakina, gida na lissafa. Shago bai zo mini a rai ba, don ba ɗaki nake ɗaukarsa ba, wajen aiki ne. Yaron bai taɓa cin abinci da ni ba, gidan uwarsa yake zuwa. Ba a rubuta sunansa a littafin ba, ba a auna shi ba, ba wanda ya gaya wa uwarsa abin da za ta sa wa ido.

A farkon 2014 ya fara tari. Wannan karon ban jira ba, ni na kai shi da kaina, aka samu ƙwayar, aka sa shi kan magani. Wata biyu da ƴan kwanaki ya murmure, kumatu suka dawo. A daidai lokacin labarin zinariyar Jado, can cikin hamadar jihar Agadas, ya cika gari, samarin Tawa suna ta hawa motocin Agadas. Wata safiya na zo shago ban gan shi ba. Uwarsa ta same ni da ledar maganin wata huɗu da ya bari ƙarƙashin tabarma. Ya ce mata ya warke.

Ya dawo a 2015, sai da aka riƙe shi ya sauko daga mota. Can da tarin ya komo masa yakan sayi ƙwaya ɗai-ɗai wajen ƴan talla, ya sha kwana uku ya bari in ya ji sauƙi. Wannan karon maganin da ya warkar da ni bai yi masa komai ba, ƙwayar ta saba da shi. Aka tura shi Yamai, wata tara na jinya, watanni huɗun farko allura kullum. Ya rayu, alhamdu lillahi, amma allurar ta tafi da jinsa, kunnen hagu gaba ɗaya, na dama rabi. A 2018 OMS ta ce a bar amfani da irin wannan allura, bayan nasa kunnen ya riga ya tafi. Na taɓa tambayarsa su wa suke kwana tare a Jado. Ya ce su takwas ne cikin bukkar tampol, suna danne bakinta da duwatsu saboda sanyin dare da guguwa: wani ɗan Cadi, wani ɗan Sudan, biyu ƴan Damagaram, sauran bai ma san garinsu ba. Ba shi da lambar ko ɗaya.

Uwarsa ba ta taɓa ɗora mini laifi ba, ta ce ƙaddara ce. Ni na san kwana goman nan na gab da salla, na san wanda ya ja ƙofar.

Yanzu muna shago ɗaya, wani daban, mai taga biyu suna kallon juna. Kekensa yana hagu da nawa don kunnen da ya rage masa ya fuskance ni. Muna da yara uku masu koyo. Da yake ba ya jin tari, kafaɗa yake kallo: in ya ga ta wani yaro tana girgiza bisa keke, sai ya ɗauki allin da muke zana yadi ya ja layi ɗaya a bango, kowace rana layi. Ƙa'idar likita mako biyu ce, shi ba ya bari ta kai. Shekaranjiya layin ƙaraminsu ya kai tara, ya ajiye almakashi, ya miƙo mini hannu in ba shi makullin babur.